Jiran da Babu Wanda Ya Rubuta

Kwalayen sun riga Injiniya isowa. Ta tarar da su jibge a bakin ɗakin zane, an ɗora wasu kan wasu har sun rufe makunnin fitila, sai da ta karkace kafin ta samu shiga.

"Kin gaisa da baƙi?" in ji Sanyi, idonsa na kan kwamfuta. Shi ne abokin aikinta. Shi yake rubuta manhaja, ita take tsara ƙwaƙwalwar na'ura da manhajar ke gudana a kai. Tafiyarsa da maganarsa ne suka jawo masa sunan, kuma bai taɓa gaggawar musantawa ba.

"Na gan su."

"Kawunki ya ce ajiya ce ta ɗan lokaci. Ni ma da haka aka kawo ni gidan nan."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye jaka, ta kunna fanka, fanka ta fara kukanta.

Kawu, ƙanin mahaifiyarta, shi ke da masana'antar. Abu ɗaya suke yi: 'yar na'urar nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa ta nuna yawan iskar oksijin da ke jininsa. A ƙasa mata ke haɗawa, su sa murfi, su zuba a leda. A sama kuwa ɗaki ɗaya ne mai tebur biyu, nan ake zana abin da ke cikinta. Kwalayen bakin ƙofa kayan ciki ne da aka sayo a shirye daga waje, murfi kawai suke jira. Kawu bai ɓoye komai ba. Akwai wata Likita mai saya wa ƙananan asibitoci kayan aiki, ta dawo musu da na'urarsu ta ce batirin ba ya kai ma'aikata ƙarshen aiki, wuraren kuma ba kullum suke da wuta ba. In ta karɓi sabuwar da ake zanawa, ɗakin zane na nan. In ba ta karɓa ba, ɗakin ya zama sito. Bai faɗa da fushi ba. Yana faɗa ne yana duba wayarsa.

Abin da ke cin batirin ba ɓoyayye ba ne. Na'urar na haska wata 'yar fitila ja ta cikin yatsa, wani ɗan ido a ɗaya gefen ya karanta hasken da ya ratso, sannan ƙwaƙwalwar ta tace abin da aka karanta da lissafi. Ƙwaƙwalwar ba ta kai girman farce ba, lissafin kuma ya fi ƙarfinta. Ninkawa da tarawa, ninkawa da tarawa, kafin ta gama wannan wani ya iso. Ba ta samun sararin runtsawa, fitilar kuma na kunne tana jiranta.

Watanni Injiniya ta kwashe a kan abu biyu. Ƙwaƙwalwar irin wadda ake iya sake tsarin cikinta daga kwamfuta ce, don haka ta ƙara mata wani umarni na musamman da bai zo da ita ba, mai yin ninkawa da tarawa a bugu ɗaya, inda da sai ta bi dogon layi. Sannan ta gina mata wani ɗan sashe a gefe, wanda ba ya aikin komai sai tacewar: a miƙa masa lambobi, ya dawo da amsa. Sanyi ya raɗa masa suna Ɗan Dako. Da suka haɗa biyun, aikin da ke cinye ƙwaƙwalwar ya koma na ƙiftawar ido. Fitila ta kama ta mutu nan take, ƙwaƙwalwa ta kwanta barci har zagaye na gaba. A lissafin Injiniya, batirin da ba ya kai yini zai yi fiye da mako. Ta faɗa wa Kawu haka a gaban mutane.

Ba da yatsa suke gwaji a ɗakin ba. Yatsa yana motsi, yana sanyi, yana zufa, ba ya ba da amsa ɗaya sau biyu. Tun kafin zuwanta, abin da ake yi shi ne a zuba wa ƙwaƙwalwar tsofaffin lambobin da aka taɓa ɗauka daga yatsun majiyyata aka adana, a ga ko amsarta ta yi daidai da wadda aka sani. Sabuwar ta cinye gwajin kaf. Ko guda ba ta kuskure ba.

Da hantsi Kawu ya hau sama yana haki, riƙe da wata sitika.

"'Yata, duba nan."

A jikinta an rubuta Saurin Walƙiya, da zanen walƙiya mai ruwan ɗorawa.

"An riga an buga," in ji shi. "Kowace na'ura za a manna mata."

"Kawu, ba sauri aka tambaye mu ba. Batir aka tambaya."

"Ke ba ki san kasuwa ba. Wa ya taɓa sayen abu don batir? Ana ganin batir? Ina na'urar take?"

Sanyi ya miƙa masa ta farkon da aka sa wa murfi da safiyar nan. Kawu ya ɗosana a bakin tebur, ya zura yatsa, ya gyara wuyan riga kamar mai jiran hoto.

Lamba ta fito. Saba'in da ɗaya. Ta hau tamanin da takwas. Ta faɗo sittin da huɗu.

"Nawa ya kamata ta nuna?"

"Sama da casa'in da biyar," in ji Sanyi.

"To wannan fa?"

"Wannan, ranka ya daɗe, sai dai Allah ya ba mu haƙurin rashinka."

Kawu ya sake yatsa. Ya sake hannu. Injiniya ta karɓa ta sa nata, Sanyi ma ya sa. Na'urar ta kashe su duka. Ta ɗauko tsohuwar daga aljihun tebur ta maƙala wa Kawu. Na'urar ta ɗan yi jim, sannan ta nuna casa'in da bakwai, ta tsaya a nan.

Kawu ya miƙe. "Likita na zuwa ƙarshen mako. Ni ban ce komai ba. Amma na cikin kwalayen can ba sa ce wa mai rai ya mutu."

Ya bar musu sitikar a kan tebur.

Sauran yinin ya tafi a zargi. Sanyi ya ce Ɗan Dako ne ke zubar da kaya a hanya. Injiniya ta ce Ɗan Dako abin da aka ɗora masa yake kaiwa, a duba mai ɗora masa. Suka sake zuba tsofaffin lambobi, amsa ta fito tsaf kamar jiya. Suka zargi dalma, Injiniya ta narka ta, ta sake liƙa ƙafafun ido. Suka canja fitila. Suka canja murfi. Aka sa yatsa, ta ce sittin da tara.

"Wataƙila gaskiya take faɗa," in ji Sanyi. "Ni dai tun safe nake jin kamar babu ni."

Bayan la'asar ta koma gida. Mama na zaune a kan kujerarta ta gefen taga, an tokara mata baya da matashi, don tun da ciwon ƙirjin ya kama ta ba ta jin daɗin kwanciya. Gwangwanin magungunanta na kusa, tsohuwar na'ura na ciki tare da su.

"Autanmu ya kira ni," in ji Mama. "Wai kin kashe shi da rana tsaka."

"Na'ura ce, Mama."

"Na ce masa da mutuwar gaske ce da mun huta da surutu." Ta tsaya ta ja numfashi. "Amma ki sani, ni na goya shi. Abin da ya faɗa zai yi. Ba mugunta ba ce, haka yake tun yana rarrafe."

"Na sani."

"In ya rufe ɗakin fa?"

"Ya ce akwai kujera a ofishin saye da sayarwa."

"Kujera ai ba laifi."

"Ba laifi."

Mama ta dube ta. Ta buɗe gwangwani ta maƙala na'urar a yatsa, kamar yadda take yi kowane maraice. Suka jira tare. Casa'in da uku. Mama ta gyaɗa kai, ta cire.

"Ita wannan me ta yi muku? Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

"Batir take ci."

"Ni ma ai ina ci, ba a canja ni ba."

Washegari Injiniya ta daina tambayar ƙwaƙwalwar. Ta jawo na'urar da ke zana motsin lantarki a kan allo, ta cire murfin sabuwar, ta maƙala siraran wayoyi a ƙafafun idon kansa. Ta sa yatsa. A kan allo ta ga abin da ido ke yi duk lokacin da fitila ta kama: ba ya tsalle ya kai inda zai tsaya. Hawa yake a hankali, ya ɗan zarce, ya yi rawa, sannan ya natsu. Ta ƙara wata waya da za ta nuna daidai lokacin da ƙwaƙwalwar ke karantawa. Alamar ta faɗo a tsakiyar hawan. Ta yi wa tsohuwar haka. Tata alamar na can nesa, inda layin ya riga ya kwanta.

"Sanyi, zo."

Ya zo da kujerarsa, yana jan ta da ƙafa. Ya daɗe yana kallon allon.

"Buɗe mini tsohuwar manhajarka," in ji ta. "Wurin fitila."

Ya buɗe. Ba wani abu mai yawa ba ne. Kunna fitila. Yi lissafin abin da aka karanta a baya. Karanta ido. Kashe fitila.

"Ina jiran?"

"Wane jira?"

"Inda ka ce mata ta dakata ido ya natsu."

Ya gangara ƙasa, ya dawo sama. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Babu."

"Babu."

"Ban taɓa sanin yana buƙata ba. Na kunna fitila, na ga akwai lissafin da ba a yi ba, na cusa shi a nan don na ga wuri. Aka gwada ta yi aiki, na tafi cin abinci."

"Ni kuma na zo na kwashe lissafin daga wurin."

"Ke kuma kika kwashe."

Fanka na ta kuka. Shekara da shekaru nawar ƙwaƙwalwar ce ke ba ido lokacin natsuwa, ba wanda ya umarce ta, ba wanda ya sani. Tsofaffin lambobin da suke gwaji da su kuwa daga tsohuwar na'ura aka ɗauke su, bayan ido ya riga ya natsu. Ko shekara suka yi suna zuba su, ba za su ga komai ba.

"Kin ga amfanina ke nan," in ji Sanyi. "A gidan nan ba a san darajar mai tafiya a hankali ba."

"Rubuta jiran."

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. A kunna fitila, ƙwaƙwalwa ta kwanta, agogon cikinta ya tashe ta, ta karanta, ta kashe fitila, ta miƙa wa Ɗan Dako, ta koma barci. Aka sa yatsa, lamba ta tsaya cak. Abin da ya rage shi ne abin da Injiniya ta riga ta gani tun a kan allo: ƙwaƙwalwa na hutawa, amma fitila na kunne duk tsawon jiran, kuma fitilar ta fi kowa cin batir.

Sai suka shiga rage jiran kaɗan-kaɗan. Su rage, su gwada, su rage, har lambar ta fara rawa, sannan su ja da baya. Wannan karon ta ɗauki na'urar ta sauka ƙasa wurin masu haɗawa, ta bi su tebur-tebur tana roƙon yatsa. Mai kauri, mai siriri, mai kanta, mai sanyi kamar ƙanƙara. Wata dattijuwa mai liƙa murfi ta ce, "In ta ce na mutu, ki gaya wa kawunki ya ba ni hutun." A kan yatsa mai kauri ido ya fi daɗewa kafin ya natsu, dole ta mayar da wani abu daga abin da ta rage. Da ta koma sama ta sake lissafin batir. Bai kai rabin abin da ta faɗa a gaban mutane ba.

Kawu ya hau da yamma. Ya zura yatsa ba tare da ya gyara riga ba. Casa'in da bakwai.

"Alhamdu lillahi, na dawo duniya." Ya cire, ya sake sawa, yana kallon yadda take ɗan yin jim kafin ta nuna. "To ina saurin?"

"Yana ciki."

"Ina?"

"Tana gama aikinta da wuri, sai ta kwanta."

"Wato watannin nan duk kin yi su ne don ki koya mata barci? Ai da kin tambayi wannan," ya nuna Sanyi da haɓa, "da ya koya mata kyauta."

"Ranka ya daɗe, ba a tambaye ni ba."

Ta gaya masa maganar batirin yadda take. Ya saurara yana juya sitikar a hannu.

"Mako kika ce."

"Mako na ce. Ba zai kai ba."

"To ki ƙara rage jiran nan mana. Kaɗan. Wa zai sani?"

"Na rage har iya inda zan yarda a maƙala wa Mama."

"Kada ki sako mini Yaya a maganar kasuwa."

"Ban sako ta ba. Tana da yatsa ne."

Ya juya zai fita. A bakin ƙofa ya tsaya ya gyara wani kwali da ya karkace, sannan ya sauka.

Likita ta zo a ranar da ta ce, a makare. Mace ce mai kumburarrun idanu, da alama daga wani aikin ta fito kuma wani na jiranta. Ta ƙi zama a ofishin Kawu, ta ce a kai ta inda ake yin abin. Ita ma sai da ta karkace kafin ta wuce kwalayen. Ta fito da tata na'urar ta asibiti daga jaka, ta maƙala a yatsa ɗaya, ta maƙala tasu a wani, ta zuba musu ido. Ta motsa hannu. Ta ɗaga shi sama. Ta riƙe kofin ruwan sanyi na ɗan lokaci ta sake gwadawa. Ta kira Kawu ta gwada nasa.

Kawu na ta bayani a kan sauri. Ya ce babu irin ƙwaƙwalwar nan a kasuwa, 'yarsa ce ta ƙera da hannunta, akwai wani abu a ciki mai suna Ɗan Dako. Likita ba ta ɗago ba.

"Batir fa?" Injiniya take tambaya.

"In ana aiki da ita ba tsayawa, za ta yi yini biyu da darensu. Wataƙila ta ɗan ɗara. Ba za ta yi mako ba."

Kawu ya yi tari.

"Wa ya ce mako?" in ji Likita.

"Ni," in ji Injiniya.

"Ni ban nemi mako ba. Ina da ma'aikaciya ɗaya a kan gadaje fiye da ƙarfinta. Abin da nake so kada abin ya mutu a hannunta kafin mai karɓarta ta iso. In ya kwana ya yini, ya ishe ni." Ta juya na'urar, ta sa farce a ƙarƙashin sitikar da Kawu ya manna, ta ɓare ta. "Wannan kuma kada ku sa. Datti take tarawa, in an goge da magani ta zama danƙo."

Ta miƙa wa Kawu sitikar. Ya karɓa, don babu yadda zai yi.

"Ku haɗa mini," in ji ta. "In sun fara mutuwa da wuri, kun san ina da lambarku."

Kawu ya raka ta har mota. Daga taga suna hango shi yana magana, tana rufe ƙofa. Da ya dawo sama bai shigo ba, ya tsaya a tsakanin kwalayen.

"Ɗakinku na nan," in ji shi.

"Mun gode, Kawu."

"Amma waɗannan an riga an kawo su, ba sa komawa. Zan sa musu murfi a kai wa masu kantin magani, a hankali. Kafin nan suna buƙatar wuri, hanya suka tare. Ku matsa musu gefen taga."

"Na ɗan lokaci," in ji Sanyi.

"Na ɗan lokaci." Kawu ya dubi sitikar da ke hannunsa. "Su sai a manna musu wannan, kada ta tafi a banza. Ke kuma 'yata, na gaba ki yi mana saurin da mutum zai gani da idonsa."

Ya sauka. Ba a jima ba ma'aikata suka hau suka fara shigo da kwalayen. Sanyi ya ja teburinsa ya haɗa da nata, wayoyinsa suka cakuɗe da nata, suka zauna gwiwa na gogar gwiwa. Kwalayen suka hau har suka rufe taga. Makunnin fitila dai ya fito, wani ya kunna.

Injiniya ta jawo kwamfutar Sanyi gabanta, ta nemo layin jiran. A samansa ta rubuta wa duk wanda zai zo bayansu: Kada a cire wannan, kada a rage. Ido ne ke natsuwa.

"Ki ƙara cewa ni na ƙirƙiro shi," in ji Sanyi.

Ta adana, ta tura masa kwamfutarsa. Fankar yanzu kwali take hurawa. Ta miƙe ta juyo da ita.